Wanda Ya Rufe Bakin Rijiya

Ranar Talata, 15 ga watan Maris na 2022, wadda ta yi daidai da 12 ga Sha'aban 1443, aka wayi gari a Layin Durumi da ke Gyaɗi-Gyaɗi babu injin da ke jawo ruwa a rijiyar burtsatsen unguwa. Gidaje ɗari da arba'in da uku ne ke sha daga wannan rijiya. Ni na ƙidaya su da kaina lokacin da muke neman a haƙa ta. Da na isa wurin da hantsi, na tarar da bututu goma sha bakwai a jere a ƙasa, kowanne kusa da ɗan'uwansa, wayar injin a naɗe, farantan hasken rana shida suna nan a kan tanki ba a taɓa ko ɗaya ba. Inji kaɗai aka ɗauke. Kwaɗon ƙofar shingen kuwa ba a fasa shi ba. Da mukulli aka buɗe.

Mukullan biyu ne. Ɗaya yana hannun Alhaji Murtala, shugaban kwamitin ruwa na unguwa, dattijon da ke jan mu salla duk ranar da liman ba ya nan. Ɗayan yana hannun injiniyar da aka ɗora wa duba aikin, wato Hafsah, 'yata ta uku.

Na koyar da tarihi shekara talatin da huɗu, kuma ban taɓa yarda ɗalibi ya fara labari daga tsakiya ba, don haka bari in koma baya kaɗan. Birnin Kano ya san ruwan famfo tun farkon shekarun 1930, amma a layinmu rabon famfo da ya ɗigo tun wajen 2009. A ƙarshen 2021 wata hukuma, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta haƙa mana rijiya. Wanda ya samu kwangilar shi ne Alhaji Faruk, mijin 'yar Alhaji Murtala, mutum mai fara'a da yawan kyauta. Ranar da aka zura inji cikin rijiyar ba a kira Hafsah ba. Daga baya ta lura tanki ba ya cika sai rana ta yi nisa, ta yi awonta, ta ce abin da ke ƙasan rijiyar ba sabon injin da aka yi yarjejeniya a kansa ba ne. Aka nemi ta sa hannu cewa aiki ya kammala yadda aka tsara, ta ƙi. Aka lallashe ta, aka yi mata faɗa, aka turo mini manya har gida. Da magana ta ƙi ƙarewa, hukumar ta ce ranar Alhamis za ta turo masu bincike su fito da injin kowa ya gani. Saura kwana biyu sai ya ɓace.

Kafin azahar unguwa ta yanke hukunci sau uku. Da farko aka ce Bello ne, wani mai adaidaita sahu ɗan ƙasar Rano, domin an ga sawun tayarsa a bakin shingen. Sannan aka ce 'yan garuwa ne, don su ne ke cin ribar rashin ruwa. Daga nan sai wata magana ta uku ta fara yawo a ƙasa-ƙasa, kuma ita ce ta zauna: wai Hafsah ta nemi Faruk ya ba ta wani abu ya hana, shi ya sa ta ƙi sa hannu, yanzu da ta ga za a fito da sabon inji a kunyata ta, sai ta sa aka ɓatar da shi. Faruk yana Abuja tun ranar Lahadi. Alhaji Murtala kuwa babu wanda tunaninsa ya ko je kusa da shi.

* * *

Ta dawo daga ofis da azahar, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin karatuna ko mayafi ba ta cire ba.

"Baba, darakta ya ce in injin bai fito ba zuwa Alhamis, dakatar da ni za a yi, a miƙa maganar ga 'yan sanda."

"Ke me kika ce masa?"

"Na ce mukullina yana jakata tun ranar da aka ba ni. Ya ce ai matsalar ke nan." Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Da tun farko na sa hannu, Baba, da yanzu ina zaune lafiya, har da sabuwar atamfa."

"Kina nadama?"

"Yunwa dai nake ji. Nadama sai na ci abinci zan duba."

Na ɗauki hulata na fita, na nufi wurin abokina Maje.

Na san Maje tun 1986, shekarar da na kai ɗalibaina wani gandun daji a kudancin jihar nan. Shi ne mai gadin dajin da aka haɗa mu da shi. Ya nuna wa yara inda gwanki ya wuce, da inda maharbi ya bi shi, da inda maharbin ya zauna ya cire ƙaya. Shekara talatin ya yi yana bin sawun ɓarayin shanu da masu sare itatuwa. Wata rana ya bi sawun wata mota mai ɗauke da katako har ƙofar gidan wani babba a wurin aikinsu, ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Ba a kore shi ba. An dai bar shi ya yi ritaya a matakin da ya shiga aiki da shi. Yanzu dashen itatuwa yake sayarwa a bakin titi a Tarauni.

Na same shi yana yi wa 'yan mangwaro ban ruwa. Ya saurare ni har na gama.

"Malam, a birni? Kwalta da siminti ba sa riƙe sawu. Ni na bar wannan aikin, yanzu raino nake yi."

"'Yata ce, Maje."

"Wacce? Mai gardamar nan da ta ce gwaibata ba ta da lafiya?"

"Ita."

"Ai kuwa ba ta da lafiyar." Ya ajiye bokiti ya goge hannunsa a riga. "Amma da sharaɗi. Inda sawu ya kai ni, nan zan faɗa. Ko da ƙofar gidanka ce."

"Don haka na tsallake kowa na zo wurinka."

* * *

Gaban rijiyar duk an tattake shi tun safe, amma Maje bai damu da nan ba. Ya roƙi mai unguwa ya fitar da kowa waje, ya shiga shi kaɗai yana bin gefe. Ya daɗe a tsugune a bakin rijiyar. An rufe ta da buhu, an ɗaure da igiyar roba tam, an ɗora dutse a kai.

"Wa ya rufe wannan?"

Aka ce haka aka tarar.

"Ɓarawo bai damu ba ko tsakuwa ta faɗa ciki. Dubi waya, kwance ta aka yi, ba yanka ba. Dubi bututu, ko ɗaya ba a lanƙwasa ba. Waɗanda suka yi aikin nan masu aikin rijiya ne, kuma suna sa ran a sake zura wani injin."

Daga cikin taron wani ya ce, "Kun ji ko? Aikin injiniya!"

Maje bai ɗago ba. Ya nuna mini wuraren da mutum biyu suka kafa dugadugansu suna jan igiya, da gefe guda inda na uku, mai takalmin fata, ya tsaya bai taɓa komai ba. Sawun ukun ya fita ta ƙofa, ya bi lungu, ya kai bakin titi, nan ya mutu. A dawowarsa sai ya tsaya a bakin ƙofar shingen, ya duƙa. Akwai sawun takalmin mace, ƙarami, mai tsinin dunduniya. Ya dube ni, na dube shi.

Bello muka fara gani, wasu matasa sun riga sun ƙwace masa mukullin babur.

"Baba, wallahi wanki na zo yi. Na murɗa famfon waje babu ruwa, na leƙa na ga bututu a ƙasa, na yi ihu. In ni na sata zan tsaya in yi ihu? Shekarata biyu a layin nan, ko akuya ce ta yi ɓari sai a ce a tambayi ɗan Rano."

Maje ya sa shi ya ɗaga ƙafa ya duba silifa ɗinsa, sannan ya kira matasan ya nuna musu. Ruwan da ya zubo daga bututun ya gangaro har waje, kuma tayar Bello ta hau kansa ne bayan ya fara bushewa. Silifa ɗinsa bai tsallaka ƙofa ba.

"Ku ba shi mukullinsa," in ji shi. "Ku kuma ba shi haƙuri, ba ya cizo."

Sadiq, babban 'yan garuwa, bai ma bari an gama tambaya ba. "Mu? Nan muke ɗiba a kusa, mu kai gidaje cikin sauƙi. Yau tun safe daga Tarauni muke turo kura. Dubi ƙafata, Malam, dubi!" Maje ya duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai, ya sallame su.

Sai gida. Ya ce Hafsah ta kawo takalmin da ta sa jiya. Ya juya shi ya duba ƙasansa.

"Kin je wurin?"

"Na je jiya da la'asar."

"Me ya kai ki?"

"In duba kwaɗo. Na ji a jikina wani abu zai faru kafin Alhamis."

Na ce, "Me ya hana ki gaya mini?"

"Don kada ka ce ina zargin mutanen kirki, Baba."

Maje ya miƙa mata takalmin. "Sawun mazan nan a kan naki yake, ruwa kuma ya ci rabin dunduniyarki. Saboda haka ƙasa ta ce kin riga su zuwa, ba kya nan ana aikin. Amma ba ta ce ba ki ba wani mukulli ba."

"Ban bayar ba, Malam Maje."

"Na ji. Ni dai abin da ƙasa ta faɗa nake iya rantsuwa a kai."

Na ji zafin wannan magana a lokacin. Daga baya na gane da mutum ne mai sassauta wa aboki, da babu wanda zai yarda da shi washegari.

* * *

Da safiyar Laraba Maje ya bi gidajen da suka yi maƙwabtaka da rijiyar. Babu wanda ya ga komai. Na ƙarshe shi ne na Inna Kulu mai ƙosai, wadda katangarta ce iyakar shingen ta gabas.

"Inna, jiya da sassafe ba ki ji komai ba?"

"Zauna ka ci ƙosai tukuna, ba a yi mini tambaya da yunwa. Kai ma Malam zauna, bokonka bai hana ka cin wake ba." Ta zuba mana. "Na ji ƙarar ƙarfe, na ce masu kwashe bola ne. Abin da dai ya ba ni mamaki salla ce."

"Wace salla?"

"Sau biyu na ji asuba. Liman ya idar a masallaci can yamma da mu ina jin lasifika. Can gari ya fara haske ina wanke wake, sai na sake jin karatu ƙasa-ƙasa nan bayan katanga, har da amin. Na ce ko 'yan makara ne, ko kuma tsufa ya fara taɓa ni."

Maje ya ajiye ƙosan da ke hannunsa.

Bayan tanki akwai ragowar yashin gini wanda aka baje, babu mai zuwa wurin. Ruwan bututu ya gangara ta nan ya jiƙa shi, rana kuma ta busar da shi da abin da ke kansa. Maje ya tsaya daga gefe ya yafito ni.

"Malam, kai ne mai karanta tsofaffin abubuwa. Karanta mini."

Na sa tabarau. A baya akwai gurbi biyu a jere: goshi, tafuka, gwiwoyi, 'yan yatsun ƙafa, duk a fili. A gabansu gurbi ɗaya, wanda mai shi ya shimfiɗa wani ƙyalle mara kauri.

"Mutum uku ne suka yi jam'i."

"In ma'aikata biyu suna tare da mai takalmin fata, wa za a sa gaba?"

"Babban."

"To dubi gwiwarsa."

Gwiwa ɗaya ce, ta hagu. A dama babu gurbin gwiwa, sai wani dogon layi a waje da ƙyallen, inda dunduniya ta ja yashi zuwa gefe, sau da dama a wuri guda.

Ban buƙaci bayani ba. Tun haɗarin da ya yi a hanyar Zariya a 2011, Alhaji Murtala ba ya iya lanƙwasa gwiwarsa ta dama. In zai yi sujada sai ya miƙe ƙafar gefe. Na yi salla a bayansa sau bila adadin. Na kuma tuna ranar Talata da asuba gurbinsa a sahun farko babu kowa, na ce a raina ko gwiwar ce ta motsa.

Shi mutum ne da ba a taɓa sanin rana ta fito masa bai yi asuba ba. Aikin ya ja su fiye da yadda suka zata, gari ya fara haske, ga ruwa, ga yashi mai tsabta. Zai iya buɗe kwaɗon da aka ba shi amana, amma bai iya barin lokacin salla ya fita ba.

Maje ya nemo tsohon kwanon rufi ya ɗora a kan bulo huɗu ya rufe wurin, ya sa mai unguwa ya canza kwaɗo.

"A tara mutane?" na tambaya.

"Mu fara zuwa wurinsa. A daji ma in na kama mutum sai na ba shi ruwa kafin in tambaye shi."

* * *

Mun same shi a zaurensa, ƙafar dama a miƙe a kan tabarma. Shi ne ya yi wa Hafsah addu'a ranar sunanta. Bayan gaisuwa Maje bai yi kwana-kwana ba.

"Alhaji, na ga inda aka yi salla a bayan tanki."

Alhaji ya dubi carbinsa. "Masu ciwon gwiwa suna da yawa a Kano, Malam Maje."

"Haka ne. Masu mukulli ne ba su da yawa."

Sai Alhaji ya ce, cikin murya mai laushi, "Na ji an ce a bakin titi kake wuni. Faruk yana neman wanda zai kula masa da lambu a Hotoro. Da ɗaki, da komai. Mutum mai shekarunka bai kamata ya riƙa shan rana ba."

"Allah ya saka da alheri. An taɓa yi mini irin wannan tayin, har da babur a kai. Ka ga inda na ƙare, kuma ina barci lafiya." Ya miƙe. "Za a taru bayan la'asar. In ka faɗa da bakinka ya fi mana sauƙi duka."

Alhaji Murtala ya juyo gare ni. "Malam, har da kai?"

"'Yata ce, Alhaji."

"Ni ma 'yata ce," in ji shi, ya kawar da kai.

* * *

Taron ya cika fiye da yadda aka so. Mai unguwa ya zauna a kan kujera a bakin shingen, Alhaji Murtala a damansa. Faruk ya dawo daga Abuja a ranar, ya zo cikin farar shadda. Bello da Sadiq suna tsaye daga baya, mata daga gefe, Hafsah a cikinsu kusa da Inna Kulu.

Faruk ne ya fara neman izinin magana.

"Jama'a, abin da ya faru ya faru. Yarinyar nan 'yar gida ce, 'yar malaminmu ce. Mu rufa mata asiri, a bar maganar a nan. Ni na ɗauki nauyi, gobe-goben nan zan sa sabon inji kyauta, saboda Allah."

Wuri ya ɗauki kabbara. Kwana biyu ke nan mutane suna sayen ruwa a tsakiyar zafi, ga azumi yana ƙaratowa. Na ga fuskoki sun saki, na kuma san in aka tashi a haka, za a samu ruwa gobe, 'yata kuwa za ta rayu da sunan ɓarauniyar da aka yi wa alfarma.

Muryarta ta fito daga cikin mata. "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Ba na son a rufa mini asirin abin da ban yi ba."

"Ke yarinya, manya na magana!" wani ya daka mata tsawa.

"Manyan ne suka jawo mu nan," in ji Inna Kulu. "Bar ta ta faɗa."

Mai unguwa ya dubi Maje. Maje ya dubi Alhaji Murtala, ya ba shi lokaci. Alhaji ya ci gaba da jan carbinsa. Sai Maje ya fara, a hankali, kamar mai nuna wa yara daji. Ya wanke Bello. Ya wanke 'yan garuwa. Ya nuna buhun da aka ɗaure bakin rijiya da shi, ya ce wanda ya yi haka ya san wani injin yana tafe. A nan na ga wasu sun saci kallon Faruk. Ya nuna sawun Hafsah da abin da ya hau kansa, ya kuma faɗa a fili cewa wannan bai isa ya wanke ta ba. Sannan ya roƙi dattawan sahun farko su biyo shi bayan tanki, ya ɗaga kwanon rufin.

Bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce kawai, "Mutum uku sun yi asuba a nan ranar Talata. Ga na baya biyu. Ga limaminsu. Ku duba ƙafarsa ta dama."

Dattawa suka duba. Ɗaya ya ce innalillahi a hankali. Suka dawo suka zauna, kowa yana kallon ƙasa. Maganar ta bi taron daga kunne zuwa kunne har ta kai ƙarshe, aka yi tsit. Babu wanda ya iya duban inda Alhaji Murtala yake zaune.

Muna cikin haka aka kira magariba. Mai unguwa, wanda na ga yana neman mafita daga shirun nan, ya ce a shimfiɗa tabarmi a yi salla a nan. Aka yi alwala da ruwan Sadiq. Aka tsaya sahu. Wani tsoho mai nauyin ji, wanda bai fahimci abin da ake ciki ba, ya yi abin da aka saba yi shekara da shekaru: ya dafa kafaɗar Alhaji Murtala ya ce, "Bismilla, Alhaji."

Ya taka sau ɗaya zuwa gaba. Ya tsaya.

"Ku gabatar da wani," in ji shi.

Ya juyo ya fuskance mu. "Injin yana ɗakin ajiyar gidana. Tsoho ne, fenti aka yi masa. Yarinyar nan gaskiya ta faɗa tun ranar farko. Na so in rufa wa gidan 'yata asiri, sai na zauna ina ji kuna cin naman 'yar wani. Mukullina ne."

Da aka waiga, Faruk ya riga ya nufi motarsa. Mai unguwa ne ya ja sallar. Alhaji Murtala ya yi tasa a ƙarshen sahu, kusa da Bello.

* * *

Ranar Alhamis masu bincike suka zo suka ga injin, fentin yana ɓarewa a hannu. Ba a dakatar da Hafsah ba, ba a kuma kai kowa gaban 'yan sanda ba; unguwa ta roƙi a bar dattijon da kunyarsa, ni ma ban ƙi ba. Hukumar ta kira abin kuskuren ma'aikatan ɗan kwangila. Faruk ya kawo sabon inji, Hafsah tana tsaye aka buɗe kwalinsa, tana tsaye aka zura shi, sannan ta sa hannu. Alhaji Murtala ya zo gidana da kansa ya nemi gafararta. Ta ce ta yafe, ta kawo masa ruwa.

Kwamitin ruwa ya yi alkawarin zai karrama Maje, aka yi ta ɗagawa har aka manta. Na kai masa shadda da hula ya ƙi karɓa. Ya ce in lallai sai na yi wani abu, in sayi dashe kamar kowa. Na sayi ɗan mangwaro na dasa inda ruwan tanki ke gangarowa, a kan yashin nan.

Na karanta tarihin sarakuna da alƙalai da yawa, na san ba kasafai ake rubuta sunan wanda ya tsaya kan gaskiya ba sai in ya mutu a kanta. Shi ya sa na rubuta wannan. Ina godiya ga Allah da ya ba ni 'ya wadda ba ta sa hannu a kan abin da ba ta gani ba, ya kuma haɗa ni da aboki wanda ya ce mini ko da ƙofar gidana ce zai faɗa, kuma da gaske yake. Ina godiya ga Inna Kulu da kunnenta, har ma ga Alhaji Murtala, da bai ƙarasa taku na biyu ba.

A watan Mayu na shekarar 2022 ɗin aka yi bikin buɗe rijiyar. A watan Agusta aka ɗauke Hafsah daga duba ayyuka aka mai da ita sashen ajiyar kaya, saboda 'yan kwangila sun yi ƙorafin tana da tsauri. Har yau can take, a matakin da take a lokacin. Faruk ya samu wasu rijiyoyi biyu a shekarar da ta biyo baya. Allon da aka kafa a bakin shingen yana ɗauke da sunaye huɗu, babu nata, babu na Maje. Tanki kuwa yana cika kafin hantsi ya ɗaga.